Ranar da Za Ka Ɗaga Ni

Agege, Legas
8 ga Afirilu, 2001

Yaya Hadijatu, kin taɓa ganin an ɗora mutum a kan sikelin da ake auna buhu?

Af, ki yi haƙuri, ban gaishe ki ba. Assalamu alaikum. Ina kwananku, ina gajiya? Yaya Inna da ƙafarta? Yaya maigidanki da yara? Ni na iso lafiya, kwana biyu muka yi a saman tirelar albasa ta Malam Mahbub, kuma shi zai kawo miki wannan takarda. Rubutun ki yi maneji da shi, kin san a aji huɗu na tsaya.

Na ga Baba. Ban gane shi ba, ta ina ma zan gane shi, ina shekara biyu ya tafi. Shi ma sai da Malam Mahbub ya ce, "Alhaji Ladan, ga ɗan naka da ka ce a kawo." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in juya ya ga kafaɗata, kamar wanda ya je kara sayen sa.

Yaya, girmansa ya wuce yadda ake faɗa a Bunkure. A zaune yake salla. Yaran layinmu suna ce masa orobo, wato mai ƙiba a bakin 'yan Legas. Kuma wai a haka ya ragu ne! Wata biyu da suka wuce ya je Masar aka yi masa tiyata, aka ɗinke masa tumbi ya koma kamar ƙwan kaza, don ya rame. Mutumin da aka ce yana cinye cinyar rago shi kaɗai, yanzu koko yake sha a kofin shayi, cokali shida ya ce ya ƙoshi. Iya Kalsum, tsohuwar da take masa girki, haifaffiyar nan ce, Hausarta rabi Yarabanci, ta ce ita dai an raina mata tukunya.

Sikelin likitansa na Ikeja ba ya iya ɗaukarsa. Shi ya sa ranar Talata muka je kasuwar Mile 12, rumfarsa ta wake, ya hau na buhu a gaban 'yan dako. Kilo ɗari da sittin. Kafin tiyata ɗari da tamanin da ɗaya ne. Wani ya ce, "Oga, buhu ɗaya da rabi ke nan, har da gyara!" Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ni kunya ce ta kama ni.

Likita ya ce in ya kai casa'in da biyar ya tsaya nan. Baba ya ce ai ba likita ne zai ɗau makararsa ba. A hanyar dawowa ya ba ni labari. Bara amininsa Alhaji Salim na Ogba ya rasu, shi ma irin jikinsu ɗaya. Makara ta karye a ƙofar gida, sai a amalanke aka tura shi maƙabarta kamar kaya, yara na biye suna kallo. Baba ya ce shi ba za a yi masa haka ba. Ya ce, "An ce mini kai kake lodin masara a kasuwar Bunkure. To kai ne sikelina. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci za ka gwada ɗaga ni. Ranar da za ka ɗaga ni kai kaɗai, ka kai ni daga ɗaki zuwa ƙofar gida, na san mutum huɗu ba za su yi ƙorafi da gawata ba. Ranar na gama shiri. Ko a ranar Allah ya kira ni, ba komai."

Yaya, wannan wace irin magana ce? Shekaranjiya mun gwada. Na durƙusa a gabansa, ya ɗora hannuwansa a kafaɗata, na yunƙura, ko motsi bai yi ba. Hannunsa da ɗumi, yana ƙanshin kanamfari.

Ki gaida Inna. Kar ki karanta mata wajen makara. Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Ɗan'azumi


Bunkure
3 ga Mayu, 2001

Zuwa ga ƙanena Ɗan'azumi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Takardarka ta iso, na karanta wa Inna dukkanta, har wajen makarar. Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

To ni zan yi magana. Shekara goma sha tara Alhaji bai tuna yana da ɗa ba, sai da ya buƙaci ɗan dako. Kai ba ka san lokacin da ya tafi ba, ni na sani, ina da shekara tara. Ya ce daga ya sayar da wake zai dawo. Har yau waken bai ƙare ba. Ka tambaye shi ko shi ya taɓa ɗaukarka, da zai ce ka ɗauke shi. Da ni ce, ko da nauyin kaza ya koma, ba zan ɗaga shi ba.

Wannan maganar 'yar'uwa ke nan. Ga ta ma'aikaciyar asibiti. A namu ɗan asibitin sha-ka-tafi ban taɓa ganin irin wannan tiyata ba, amma na san mutumin da ba ya ci yana buƙatar maganin ƙarin jini, ka tabbata yana sha. Lambar da likita ya faɗa ita ce lamba, ba bayanka ba. Ka riƙa rubuto mini nawa ya kai.

Ka kula da kanka a garin mutane. Inna ta ce ka daina hawa saman tirela. Allah ya tsare.

Yayarka,
Hadijatu


Agege
26 ga Agusta, 2001

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ina damina? Gero ya yi kai? Ki gaida Inna da kyau.

Ɗari da goma sha bakwai. Yanzu sikelin likita yana ɗaukarsa, mun daina zuwa na buhu.

Yaya, Baba ya yi sujada! Ranar Laraba da asuba ya ture kujera ya ce bari ya gani. Ya sauka a hankali, goshinsa ya taɓa ƙasa. Shekara takwas rabonsa. Ya daɗe bai ɗago ba har na tsorata, da ya ɗago gemunsa a jiƙe. Iya Kalsum ta ji labari ta yi ta guɗa, ta ce yau sai ta yi dambun nama ko da ido zai ci.

Ban yi masa tambayar da kika ce ba. Bakina ya kasa. Kuma ni ban san yadda zan gaya miki ba, amma yana da daɗin zama. Ya koya mini gane sabon wake da tsoho, a haƙori ake ji. Ya koya mini yadda ake tsalle daga danfo, motar hayarsu ta nan, tun bai tsaya ba, shi da bai taɓa yi ba, da baki kawai. Azumi yake ce mini. Ranar nan ya tambaye ni ko tsamiyar ƙofar gidanmu tana nan, na ce an sare ta.

Zama ba aiki yana damuna, sai na shiga lodi a kasuwa da safe. 'Yan dakon nan sun raina ni, wai ɗan oga. Jiya suka nuna mini buhun albasa irin wanda ake ɗinka wa hula a kai, sun ce ya fi ɗari da ashirin. Na saɓa shi na kai bakin mota ban huta ba. Yanzu sun daina ce mini ɗan oga.

Juma'ar nan ma mun gwada, na kasa. Ya ce ba komai, saura kaɗan, ya rage cokali ɗaya.

Sai na ji daga gare ki.

Ɗan'azumi


Agege
23 ga Disamba, 2001

Assalamu alaikum Yaya. An sha ruwa lafiya, an yi salla lafiya? Allah ya maimaita mana. Ki yafe mini shirun da na yi.

Tamanin da shida. Tun watan goma ya wuce lambar likita. Likita ya buga tebur, ya ce, "Alhaji, ka iso, ina kuma za ka?" Ya ce ya ƙara abinci, ƙwai, kifi, wake, kaɗan-kaɗan sau shida a rana, kuma kar ya yi azumi. Baba ya yi talatin cif. Da cokali uku yake buɗe baki.

Fatarsa ta zama kamar babbar rigar aro. Gashi yana zuba. Sanyi yake ji da tsakar rana, a Legas, sai ya fito da tabarma ya zauna cikin rana. Yaran da suke ce masa orobo yanzu lepa suke cewa, wato siriri. Wannan da sauƙi. Mutane sun fara cewa ƙanjamau ne, wai tiyatar Masar ƙarya ce ta rufin asiri. Mai shayin bakin layi ya ware masa kofi. A masallaci ana barin fili tsakaninsu da shi, sai ni nake matsowa in cike sahu. Ya ɗaga riga ya nuna wa wasu ɗinkin, suka ce Allah ya sawwaƙe, suka ja da baya.

Iya Kalsum kullum faɗa. "Alhaji, e jeun, ci abinci! So kake a ce ni na kashe ka da yunwa? Ko kazar gidan nan ta fi ka ci." Sai ya ce, "Iya, sikelina bai ce ba tukuna." Sai ya kalle ni.

Shekaranjiya mun gwada. Na kasa.

Yaya, ban san yadda zan yi ba. Ki sa Inna ta yi mana addu'a.

Ɗan'azumi


Bunkure
14 ga Janairu, 2002

Ɗan'azumi,

Bayan gaisuwa. Na shimfiɗa takardunka a kan gado na sake karanta su ɗaya bayan ɗaya. A watan takwas ka ɗauki buhun albasa da ya fi ɗari da ashirin, ka kai bakin mota ba ka huta ba. A makon nan ɗin ka kasa ɗaga mutum mai ɗari da goma sha bakwai. Yanzu ya koma tamanin da shida, har yanzu wai ka kasa. Ni na goya ka, ban san ka da ƙarya ba.

Ka saurare ni. Mutumin da ya zubar da kusan kilo ɗari cikin wata goma, yana cin cokali uku, ba ramewa yake yi ba, mutuwa yake yi. Jiki in ya rasa abin ci, naman zuciya yake komawa ci. Duk Juma'ar da ka ce ka kasa, kai kake cire masa cokali.

Idan maganata ce ka riƙe, wadda na ce ko nauyin kaza ya koma ba zan ɗaga shi ba, to na janye ta. Fushi ne, kuma fushina ne, ban ba ka aronsa ba. Ba na son mutumin nan, amma ba na son ka wayi gari da alhakinsa a wuyanka.

Ka ɗaga shi Juma'ar da takardar nan ta same ka. Ban karanta wa Inna ta ƙarshe ba. Allah ya shirye mu.

Hadijatu


Agege
3 ga Fabrairu, 2002

Assalamu alaikum Yaya. Na san kun ji a rediyo. Muna raye, ki fara gaya wa Inna wannan.

Gaskiyarki, ƙarya na yi. Amma ba maganarki ba ce. Tsoro ne. Shi ya ce ranar da na ɗaga shi ya gama shiri, ko a ranar a kira shi. Tun watan takwas, da na yunƙura na ji ƙafarsa ta bar ƙasa, sai gabana ya faɗi, na sake shi na ce na kasa. Gani nake in na kai shi ƙofar gida kamar na yi gwajin jana'iza ne, Allah zai ce to an shirya. Ni kuma yanzu na samu uba, Yaya. Wata huɗu kawai na yi da shi a lokacin. Na ɗauka in na riƙe shi a haka zai gaji ya bi maganar likita. Ban san haka yake da taurin kai ba. Da abin ya yi nisa kuma, kunyar in faɗa ta hana ni.

Takardarki ta zo ran Asabar, na ce to sai Juma'a. Ran Lahadi bayan la'asar muna tsakar gida, Baba na shan rana, sai muka ji gum! Ƙasa ta girgiza, gilashin taga ya zubo. Kafin mu ce me, wani ya sake tashi, da wani. Sama ta yi ja ta wajen Ikeja. Layi ya cika da gudu, wannan na cewa sojoji sun dawo juyin mulki ne, wancan na cewa yaƙi ne. Sai daga baya muka ji bama-baman barikin soja ne suka kama da wuta. Iya Kalsum ta fito da ludayi a hannu tana salati. Baba ya miƙe, taku uku ya zube. Ya ce, "Ku tafi."

Ban yi tunanin komai ba. Na durƙusa, na ja hannuwansa, na miƙe. Yaya, ba nauyi. Wallahi rabin buhu ya fi shi tsayawa a baya. Ƙasusuwan ƙirjinsa nake ji suna sukata. Na wuce ƙofar gida, na wuce layi, na bi mutane muka miƙe hanyar Abeokuta. Ba danfo, ba okada, wato acaba, kowa ta kansa. Sau biyu kawai na sauke shi har kusa da Abule Egba.

A gindin wani shago na ajiye shi. Yana haki kamar shi ya yi gudun. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Tuntuni ina iyawa."

Ya ce, "Na sani. Ina rumfa ranar da ka ɗau albasar nan. Shekara talatin ina sa ana lodi, ka ɗauka ban san yunƙurin gaske da na ƙarya ba?"

Na ce to me ya sa bai yi magana ba, me ya sa ya daina ci?

Ya ce, "Na ɗauka hukunci kake yi mini. Na ce yaron nan ban ɗauke shi ba, shi ma ya ƙi ɗaukata, bai yi laifi ba. Na ce bari in yi ta raguwa, wata rana zan yi sauƙin da zai haƙura."

Na gaya masa abin da ya hana ni. Ya yi ta kallona. Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Kai, Azumi. Ashe wauta gado ce. Ka ga ƙofar gida mun wuce ta tun ɗazu, ga ni ban mutu ba." Muna zaune mutane na wucewa a guje, mu biyu muna kuka kamar yara. Iya Kalsum ta iso da ludayinta, ta ce in mun gama mu matsa mata ta zauna.

Mu Allah ya tsare mu. A Isolo mutane da yawa sun faɗa ruwa wajen gudu, har yau ana jana'iza.

Washegari da muka koma gida ya ce a kawo abinci. Iya ta dafa ƙwai da kifi. Ya ci loma biyu ya amayar. Ya sake gwadawa, ya sake amayarwa. Yanzu yana so, cikin ne ya ƙi. Muna asibiti tun Talata, an yi masa ƙarin jini leda biyu, ana ƙarin ruwa. Saba'in da huɗu.

Likita ya ce, "To Alhaji, yanzu lamba nawa muke nema?" Baba ya ce a tambayi sikeli. Na ce ɗari, buhu guda. Likita ya ce ɗari ya yi yawa, tamanin da biyar ma in an samu a gode Allah. Baba ya ce, "To rubuta tamanin da biyar. A kai ni inda yaron nan zai ɗan yi nishi in ya ɗaga ni." An rubuta a kati, ya sa hannu.

A waje likita ya ja ni gefe. Ya ce zuciyar ta yi rauni sosai, shi ba zai yi mini alkawari ba.

Ni na yi wannan, Yaya. Ki karanta wa Inna duka.

Ɗan'azumi


Bunkure
17 ga Fabrairu, 2002

Ƙanena,

Bayan gaisuwa da jajen abin da ya same ku. Fiye da mako guda Inna ba ta ci abincin kirki ba sai da takardarka ta zo.

Ba kai kaɗai ka yi ba. Mu uku ne, har da ni da bakina. Ka bar wannan lissafin ga Allah, ka riƙa ba shi cokali ɗaya duk bayan rabin awa, kar ka jira sai ya ji yunwa.

Na karanta wa Inna duka. Da na zo wajen hukunci ta tashi ta shiga ɗaki. Da ta fito ta ce in rubuta maka wannan yadda ta faɗa: "Ka ce masa ragewa a Legas ake yi, ƙari kuwa a gida. In likita ya yarda, ka kawo shi." Na ce ko in rubuta ta yafe? Ta ce ita ba ta ce ba.

Ga ƙulli nan wajen Malam Mahbub, garin kunun gyaɗa ne, ita ta daka da hannunta, ta hana ni taya ta. Jiya ta sa an share ɗakin zaure.

Ka gaishe shi. Ka ce Hadijatu na gaishe shi.

Yayarka


Agege
10 ga Maris, 2002

Assalamu alaikum Yaya. Ina kwananku? Ki gaida Inna.

An sallame mu. Kunun yana zama, cokali biyar, wani lokaci bakwai. Da ya kurɓa na farko ya ce, "Mero ce ta daka wannan." Ban taɓa jin sunan Inna a bakinsa ba. Gaisuwarki kuma sau uku ya sa na karanta masa.

Makon jiya saba'in da ɗaya. Jiya saba'in da biyu. Iya Kalsum ta ce nauyin rigar sanyi ne, ni dai na rubuta a kati. Saura goma sha uku.

Likita bai so tafiyar ba, ya ce hanya da nisa. Baba ya ce shekara ashirin ke nan yana jin nisanta. Ran Alhamis za mu taso, Malam Mahbub ya ba shi gidan gaba. In Allah ya kai mu Asabar muna nan. Ki tanadi abin awon jini. In kuma kun ga mun wuce Asabar, ku yi mana addu'a.

Azahar ta yi, yana kirana zai yi alwala. Yana iya takawa bakin famfo da sanda, amma ya ce in zo in ɗauke shi. Dole in tafi yanzu.

Ƙaninki,
Ɗan'azumi